Sawun Hagu a Bakin Tabki

Wari ne ya riga yaron shigowa. Ina zaune bisa tabarma da hantsi ina tsintar wake, sai iska ta kawo mani shi ta zaure: warin man shafawar nan na kanti mai yaji a hanci, a ƙarƙashinshi kuma wani wari na daban, na zufa da ta yi kwanaki cikin ɗauri ba a kwance ba. Na ture faifan gefe. Sai ga jikana, ɗan ɗiyata ta biyu, ya shigo yana takawa irin takun wanda ba ya son a gane yana ɗingishi, gwiwarshi ta hagu matse cikin wata baƙar roba.

"Amarya, ina kwana? Yau ba fura ne, ko kin fara rowa?"

"Ango, tsaya daga nan," na ce mashi. "Kwance abin nan in gani."

"Haba tsohuwa, ba komai ba ne."

Ɗan kokawa ne yaron nan. Tun yana rarrafe yake kama ƙafar awaki yana neman kayar da su. Yanzu ya zama ƙato, har Maraɗi ake kiranshi, kuma saura kwanaki kaɗan a yi karawar da za a zaɓi waɗanda za su tsaya ma jiharmu. Gwiwar kuwa a wajen horo ya murɗe ta. Uwarshi ta kai shi likita, wato asibiti, a Maraɗi, aka ɗauki hoton ƙashi wanda suke ce ma radiyo, aka ce ƙashi lafiya lau, jijiya ce ta taɓu, ya huta wata uku yana zuwa gashi. Ko wata ɗaya bai cika ba, ga shi tsaye gabana yana ce mani ba komai ba ne.

Ban biye mashi ba a lokacin. Hancina ya riga ya tafi da ni, ya maida ni gidanmu na da, shekarun da ko zane ban iya ɗaurawa da kyau ba. Ku zauna ku ji, don abin da zan faɗa ban taɓa faɗa ma ko mijina ba har ya koma ga Allah.

Kakana na wajen uba maɗori ne. Baba Tsoho muke ce mashi. Gidanmu yana gefen Madarumfa ta wajen tabki, kuma da an gama girbi, an ɗaure gero an zuba a rumbu, ganga ta fara tashi a dandali, to zaurenmu ya tashi daga zaure. Daga Safo ake kawo 'yan kokawar da suka ji ciwo, daga Ɗan Issa, daga ƙauyukan da ban san sunansu ba, wani bisa jaki, wani a kafaɗar 'yan uwanshi, ƙarti majiya ƙarfi suna hawaye kamar yaran goye. Warin zauren nan har yau yana hancina: man shanu da ya daɗe a ƙoƙo, ganyen sabara da ake tafasawa don gashi, da hayaƙin kara. Wari ne mai nauyi, amma mai tsabta. Baba Tsoho bai taɓa barin ɗauri ya kwana biyu ba a kwance an wanke ba.

Mutane sun ɗauka aikin maɗori ya ƙare in ya ja ƙashi ya koma wurinshi, ya jera kara ya ɗaure. Shi kuwa cewa yake nan ne aiki ya fara. Wanda ya goce a gwiwar hannu, in an kwance kara, sai ya sa shi kai loma baki da hannun, ko da rabin tuwon zai zube a ƙirji. In hannu ya kai baki, sai a nemi ya kai ƙeya wajen shafar kai a alwala. In ya kai ƙeya, sai a ba shi ƙaramin guga irin na yara ya ja ruwa a rijiyar gida, rabi-rabi, kafin a ba shi na manya. Mai gwiwar ƙafa kuma tabki ne maganinshi. Kullum da hantsi, in rana ta ɗan kashe sanyin ruwa, a shigar da shi har ƙugu, ya yi ta tafiya a hankali, ruwa na ɗauke mashi nauyin jikinshi. Bayan kwanaki a dawo da shi ruwa iya cinya, sannan iya gwiwa, sannan iya idon sawu. Haka ake fito da mutum daga tabki, kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake yaye yaro.

Na ƙarshe shi ne awon sawu. In tabki ya fara ja da baya, yakan bar wata laka mai laushi, ba ruwa ba ce ba kuma busasshiya ba, wadda ke riƙe sawun ko ɗan tsuntsu. Nan Baba Tsoho ke kai ɗan kokawa, a ɗora mashi damin gero a ka, ya yi taku ashirin ya tsaya can. Sai tsohon ya bi sawun ɗaya bayan ɗaya da guntun kara yana auna zurfin diddige. In na dama da na hagu sun yi daidai, ya ce, "Je ka, Allah ya ba da sa'a." In ɗaya ya fi ɗaya zurfi, ko da faɗin ƙwayar wake ne, a koma ruwa. Yakan ce ba a tambayar ɗan kokawa ko ya warke, don kowannensu zai rantse ya warke. Ƙafar da ke jin tsoro ce ba ta yarda ta danna ƙasa, laka kuma ba ta jin kunyar kowa.

Lokacin da na yi wayo, yanar ido ta riga ta rufe mashi gani. Hannunshi na gani sarai, idon ne babu. Ni ce jagorarshi. Ni ke riƙe kan sanda, ni ke shiga gaba in kama hannunshi in ɗora bisa kowane sawu. Ku riƙe wannan, don a nan abin yake.

Yayana, babban ɗan Inna, shi ne ɗan kokawar garinmu a shekarun nan. Dogo ne, mai faɗin baya, mai dariya da dukkan haƙora. In zai kai ni rijiya bisa wuya yake ɗora ni, in riƙe kunnuwanshi kamar linzami. Yana da take nashi da makaɗin garin ya tsara mashi, wani kiɗa mai sassarfa wanda ke tsayawa cak a tsakiya sannan ya fashe. In aka buga shi, ko loma ce a hannun Yaya sai ya ajiye, jikinshi ya ɗauki tsuma.

A Safo abin ya same shi. Ya kafa ƙafar hagu cikin rairayi, abokin karawarshi ya murɗa shi, jiki ya juya ƙafa ba ta juya ba. Bisa jaki aka kawo shi da la'asar, gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Baba Tsoho ya daɗe yana lalubawa, sannan ya ce, "Da ƙashi ne da na yi murna. Ƙashi in ya haɗe ya haɗe. Wannan jijiya ce, ita kuwa munafuka ce, tana daina ciwo tun ba ta warke ba." Ya ce Yaya ya manta da kokawar bana.

Aka yi ɗauri, aka yi gashi safe da marece, aka shiga tabki. Yaya ya kai ruwa iya cinya, yana shirin iya gwiwa, sai saƙo ya zo cewa wanda ya kayar da shi zai zo har dandalinmu kafin a rufe kokawar shekara, in akwai namiji a Madarumfa ya fito.

Daga ranar nan zaurenmu ya cika da masu dubiya. Dubiya suke ce mata. Ni da ke shigar masu da ruwa na ji da kunnena, babu wanda ya ce ya jiki sau biyu. "Yaushe za ka tashi?" shi ne gaisuwarsu. Akwai wani mai ƙaton tumbi a cikinsu, bakinshi jajur da goro, wanda ko rago bai taɓa kayarwa ba sai an riƙe mashi ƙafafu. Shi ya fi kowa zaƙewa. Yana magana miyau na fallatsa bisa tabarma: "Mu fa yanzu ba mu iya shiga kasuwar Safo, yara ke nuna mu. Ka tashi ka wanke mana fuska." Fuskarshi yake son a wanke da gwiwar wani. In sun tafi ni ke share tukar goron da suka tofar a gindin bango.

Baba Tsoho yana da doka, kuma duk gari an san ta: muddin ɗan kokawa na kwance a zaurenshi, ganga ba ta bi ta lungunmu. Makaɗin bai karya doka ba. Bai taɓa shigowa lungun ba. Can gindin wata kuka ya samu, bayan katangarmu, inda iskar tabki ke ɗauko sauti ta kawo har tsakar gida, kullum bayan la'asar ya zauna ya buga taken Yaya. Sai ka ga Yaya a kwance yatsun ƙafarshi na motsi su kaɗai, jijiyar wuyanshi ta tashi, ya juya fuska bango. Wata rana Inna ta ɗauki ƙwaryar ruwan wanke-wanke, ta zagaya har gindin kukar, ita da ba ta fita, ta sheƙa mashi a jiki.

"Maras imani! Ɗan naka ne?"

Ya share fuska yana dariya. "Allah ya huci zuciyarki, uwar zaki. Ni ganga kawai nake gwadawa, fata ce ta saki."

Washegari ya dawo.

Ni ma ban tsira ba. In mun je ɗibar ruwa 'yan mata su dinga ɗingishi a bayana suna cewa ga ƙanwar wanda ya ɓuya a zauren kakanshi. Na yi dambe da biyu daga cikinsu, na koma gida da tsagaggen leɓe. Kuma in na faɗi gaskiya, ni ma ina son in ji taken nan a dandali, in ga an ɗaga Yayana sama. Ina so ƙwarai.

Da matsi ya yi yawa, Baba Tsoho ya ce to, a je a auna sawu, laka ta raba gardama. Ana gobe za a je, ina tsaye bakin tabki riƙe da rigar Yaya, ya fito daga ruwa ya tsuguna gabana a ƙafa ɗaya, ɗayar a miƙe.

"Auta, gobe ke ce gaba, ko?"

"Ni ce, Yaya."

"Ƙafarki ƙarama ce, za ta shige cikin sawuna ba ta taɓa gefe ba. Na hagu kawai. Ki ɗan danna diddige kafin ki ɗora hannunshi."

"In ya gane fa?"

"Makaho ne, Auta."

Ba a taɓa faɗin kalmar nan a gidanmu ba. Cewa muke idonshi ya yi nauyi. Da na ji ta daga bakin Yaya sai na ji kamar na haɗiyi ƙuda. Amma ban ce a'a ba.

Da hantsi muka je, mu uku. Yaya ya ɗauki damin gero ya yi takunshi ashirin, ya tsaya can ya yi gyaran murya don tsoho ya san inda yake. Ko ni yarinya na gani da idona: sawun dama ya nutse, na hagu kuwa bisa-bisa, kamar na mai tafiya a kan ƙaya. Na ja sanda. Kowane sawun hagu, in sa diddigena a ciki in danna, in ja ƙafa, in kama hannun kakana in ɗora. Sau goma na yi. Har yau in sanyi ya shigo, a diddigen nan na dama nake fara jin shi, sanyin lakar nan.

A na bakwai Baba Tsoho ya tsaya. Ya sa kara, ya cire, ya sa yatsa ya zagaya cikin ramin. Ya daɗe.

"Auta, kina ina?"

"Ga ni, Baba."

"To."

Ya ƙarasa sauran, ya miƙe yana dafa sanda, ya ce da muryar da ban san shi da ita ba, "Je ka. Allah ya ba da sa'a."

Kwana biyu Yaya ya yi yana gwada kamu da samari a bayan gari, gwiwar ta sake cika. Bai dawo wurin Baba Tsoho ba, don ya san abin da za a ce. Mai tumbin nan da abokanshi suka kai shi wurin wani wanzami a ɓoye, wai a zuƙe mataccen jini. Wanzamin ya tsattsaga gwiwar da askar da ya gama yi ma mutane aski da ita, ya kafa ƙaho, ya ja, ya ja, sannan ya cusa wani baƙin gari a tsagar, aka naɗe da tsumma, aka ɗaura layu a bisa don kada kowa ya tambaya. Aka ce kada ya kwance sai bayan karawa. Kwana huɗu tsumman nan yana jikinshi, yana zufa a ciki.

Ranar karawa dandali ya cika har bisa itatuwa. Aka buga taken, Yaya ya shigo yana tsuma, mata na guɗa, ni ina cikin yara a gaba ina ihu har muryata ta dushe. Suka sunkuya, suka kama. Ba a daɗe ba. Mutumin Safo ko dabara bai yi ba, nauyinshi kawai ya jingina ta hagu. Na ji ƙarar daga inda nake, kamar an taka busasshen kara. Gwiwar ta lanƙwashe ta inda gwiwa ba ta lanƙwasa, Yaya ya zube. Abin da ban manta ba shi ne, mutane ba su yi shiru ba. Wasu na murna, wasu na zagi, wani a bayana yana cewa, "Dama an ce bai warke ba, wa ya aike shi?" Na waiga. Mai tumbin ne, da goronshi a baki.

Da aka kawo shi zaure, Baba Tsoho bai kai hannu ba tukuna, sai ya ɗaga hanci. Ya ce, "Wa ya tsaga mani yaro?" Aka yanke layu, aka fara warware tsumma, ya manne da nama sai da aka jiƙa. Ɗoyin da ya tashi, jama'a, ban taɓa jin irinshi ba, ko a inda masunta ke zubar da ruɓaɓɓen kifi. Mugunya ce kore-kore ke tsattsafowa daga kowace tsaga, fatar ta yi baƙi ta yi sheƙi. Na fita da gudu na amayar da duk abin da ke cikina a gindin rumbu. Masu rakiya kuwa suka rufe hanci da hannun riga, ɗaya bayan ɗaya suka tuna suna da uzuri. Kafin a kira magariba zaure ya koma mu kaɗai.

Kwana uku Baba Tsoho yana wankewa da ruwan ganye, zazzaɓi na ƙaruwa, Yaya na sambatu yana kiran sunayen matattu. Ƙuda suka cika gidan, ni ke zaune da mafici ina korarsu. Rana ta huɗu tsohon ya ce wannan ta fi ƙarfin hannunshi, a kai shi likita. Ban taɓa jin ya faɗi haka a kan kowa ba. A amalanken jaki aka tafi da shi Maraɗi. Can suka buɗe gwiwar suka wanke, suka ce da an ƙara kwana biyu da ƙafar za a cire. Ƙafa ta tsira, amma gwiwa ta tafi. Ya dawo da ita a miƙe kamar taɓarya, ba ta sake lanƙwasawa ba har ya mutu.

Kafin ma ya dawo, ina hanyar tabki da tulu a ka, na ji taken Yaya na tashi daga dandali. Na saki tulun na ruga, a zatona an sallamo shi ne ana tarbarshi. Da na isa, wani saurayi ne daga unguwar masunta ke tsuma a tsakiyar fili. Kiɗan nan ne, sassarfar nan, tsayawar nan ta tsakiya, kirarin ne kawai aka sauya. Makaɗin ya gan ni, ya ɗaga mani gira yana murmushi. Ko sabon kiɗa bai ga ya kamata ya tsara ba.

Baba Tsoho bai buge ni ba, bai kuma faɗa ma Inna ba. Wata rana ina wanke mashi ƙoƙon man shanu, ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Na ji ɗan diddige a cikin sawun nan. Na ce ma kaina yatsuna ne suka tsufa. Ni ma na gaji da jin gangar nan, Auta." Shi ke nan abin da ya faɗa. Amma daga ranar, in mun kai wani awon sawu, a bisa busasshiyar ƙasa yake tsayar da ni, ya miƙa mani sanda, ya durƙusa ya rarrafa cikin laka shi kaɗai yana lalube, dattijo mai farin gemu, rigarshi na jan ƙasa. Ina tsaye ina kallo. Da duka ya yi mani da ya fi sauƙi.

Yaya ya yi tsawon rai. Gyaran komar kamun kifi ya koma yi ma masunta, yana zaune bakin tabki da ƙafa a miƙe gabanshi. A zaune ya yi sallarshi shekara da shekaru, a ƙarshen sahu don kada ƙafar ta tare ma mutane hanya. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. In na kai mashi fura ya ce, "Auta, Allah ya yi maki albarka," ni kuma in kauda ido daga ƙafar.

To, wannan ne abin da warin jikana ya tono. Da na matsa ya kwance robar, gwiwar a cike take, da ɗumi, ga ɗigon allura biyu a gefe. Mai horar da su ne ya kai shi wurin wani mai shagon magani aka yi mashi, wai tana kashe ciwo har a gama karawa, ga kuma wasu ƙwayoyi a aljihu da abokai suka ba shi. Na tambaye shi me ake yi mashi a wajen gashin da ya daina zuwa. Ya ce wata mata ce, ba ta da aiki sai ta sa shi tafiya tsakanin ƙarafa biyu tana kallon ƙafafunshi, ta sa shi ɗaga ƙafa da ɗan buhun rairayi, wai wasan yara. Na ce a raina, Allah ya yi ma matar nan albarka, ko ba ta sani ba jikar Baba Tsoho ce a sana'a.

Muna cikin haka salularshi ta yi ƙara a aljihu. Ganga ce. Takenshi ne abokai suka ɗauka suka turo mashi, kullum sai sun turo. Na ga yatsun ƙafarshi na motsi cikin takalmi. A zamaninmu makaɗi sai ya nemi gindin kuka, ana iya zagayawa a watsa mashi ruwan wanke-wanke. Yanzu a aljihun yaro yake kwana, babu katangar da za ta tare shi.

Washegari da hantsi na ce ya raka ni tabki. Ya yi ta tsiya a hanya, wai amarya na son a gan ta da ango. Ruwa ya ja baya, lakar na nan inda na bar ta. Ba damin gero, sai na ari buhun taki wurin wani mai garka da ke noman rani a gefe, na sa ya ɗora a ka. Ya yi taku ashirin. Na tsaya nesa da sawun, na tattare zanena, na bi ta gefe ina miƙa hannu daga nesa, ƙafata ko kusa ba ta je ba. Na auna na dama na karya kara daidai zurfinshi, na auna na hagu na karya. Na kira shi na zuba mashi guntaye biyu a tafin hannu. Ɗaya ya kusa ninka ɗaya.

Sannan na faɗa mashi duka, a tsaye, har da diddigena. Ya san Yaya, ya yi wayo ya same shi, shi ke ɗauko mashi sanda in zai tashi. Bai taɓa tambayar abin da ya sandarar da ƙafar ba.

Ya daɗe yana kallon karan. Ya ce, "Kaka, in ban fito ba wani za su ɗauka."

Rabon da ya kira ni Kaka tun yana ƙarami. Na ce, "Za su ɗauka. In ka fito ka karye ma za su ɗauka, kafin a kwance maka ɗauri."

Bai fito ba. Mai horarwar ya zo har ƙofar gida yana faɗa, na aika a ce mashi ruwan wanke-wanke na nan a ƙwarya, kuma hannuna bai mutu ba. Yaron ya koma wurin matar nan ta Maraɗi, ranakun da ba ya zuwa kuma yana shiga tabki. Duk Juma'a da hantsi muna zuwa awo, ina ajiye guntayen karan a cikin wani tsohon kwano. Na wannan makon saura faɗin ƙwayar wake. Ya ce ai wannan ba komai ba ne, na ce a koma ruwa.

Shekaranjiya ya shigo fuska a ɗaure, ya zauna gefen tabarmata, ya danna salula ya ajiye tsakaninmu. Takenshi ne ke tashi, amma sunan wani yaro ake kira a ciki. Ya ce, "Kin ji, tsohuwa? Ko wata biyu ba a yi ba."

Na ce na ji, na kuma san kiɗan tun kafin a haifi uwarshi. Motoci sun zo, likita ta matso kusa, hoto na ganin cikin ƙashi, amma masu cin goro a bakin fili suna nan yadda na san su, ba su taɓa rasa gwiwar da za su ara ba. Na ce ya kashe abin nan ya miƙo mani faifan wake. Ya kashe. Ya tashi zai ɗauko, ina kallon ƙafar hagu, na ga ta lanƙwashe ta ɗauke shi ta miƙe da shi tsaye, bai dafa komai ba.